Za ka saya wa ƙaninka fiyano? Ga abin da za ka gwada a shago

Idan yaro ya mayar da bokiti da kwanukan gida ganga, fiyanon lantarki ne ya fi sauƙin farawa da shi. Jita sai an riƙa saita tsirkiyarta, kuma tana cin yatsun mai koyo a makonnin farko. Fiyano kuwa da ya danna, sautin zai fita daidai. Da shi ne ma ake haɗa yawancin waƙoƙin Kannywood.

Kafin ka kashe kuɗi, sauke manhajar Perfect Piano a wayarka, ka riƙa ba shi na mako biyu. In shi ke bin ka don ya buga, da gaske yake. In ya koma wasan mota, ka huta.

A shago, mai kaya zai cika ka da cewa wannan yana da sauti 400, wancan 600. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Danna maɓalli ɗaya a hankali, sannan ka danna shi da ƙarfi. Idan ƙarar ta bambanta, to yana jin nauyin yatsa, abin da ake rubutawa Touch Response a jikin kwali. Yaron da ya koya a kan wanda ba ya ji zai saba da dukan maɓallai da ƙarfi ɗaya, kuma gyaran wannan ɗabi'a yana da wuya. Casio CT-S200 da CT-S300 kamar tagwaye suke a ido, amma na biyun ne kawai ke ji. Yamaha PSR-E373 ma yana ji, PSR-F52 ba ya ji.

Maɓalli 61 sun ishi mai koyo, ba sai 88 na cikakken fiyano ba.

Duba bayansa ko akwai kafar USB. Da wayar OTG za ka haɗa shi da salula, manhaja irin Simply Piano ta riƙa ganin duk abin da ya danna. In babu, da makirfon za ta saurara, ƙarar janaretan maƙwabta kuma na iya rikita ta. Ka sani, bayan darussan farko sai an biya.

CT-S300 da PSR-E373 duk suna aiki da batir AA guda 6 idan an ɗauke wuta. Sai dai kafar abin kunne ta Yamaha babba ce, irin na wayarka ba zai shiga ba sai ka haɗa da adafta.