Shugaba A Sakkwato, Ma'aikaci A Bakin Iyaka

A cikin watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, su riƙa yin aikinsu daga can. Tun daga wannan lokaci masana ke ta muhawara a kan ko ofis zai ɗore, da kuma yadda shugaba zai bi da mutanen da ba ya ganinsu ido da ido. Galibin masu wannan muhawara suna zaune ne a Ikko ko Abuja ko Landan, inda ma'aikaci ke da zaɓi tsakanin kujerar ofis da ta falonsa. Amma akwai wani yanki na ƙasar nan inda maganar ba ta zaɓi ba ce, ta tilas ce. Wannan yanki shi ne gabashin Jihar Sakkwato, musamman Ƙananan Hukumomin Sabon Birni da Isa, wato tsohuwar ƙasar Gobir da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar.

A can akwai malaman makaranta da malaman asibiti da malaman gona da masu allurar rigakafi, waɗanda manyansu ke zaune a Sakkwato. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin, dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi gudun hijira, hanya kuma ta zama abin tsoro. A watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin watan Agusta, Allah ya jiƙansa. To, idan hanya ba ta ƙyale basarake ba, ina ga sufeton makarantu a kan babur? Ke nan tambayar da ke gaban kowane darekta ita ce: ta yaya zai san aiki yana tafiya a wurin da ƙafarsa ba ta zuwa?

Abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sai da aka gwabza a Gawakuke a 1836, sannan waɗanda suka ƙi bi suka ja arewa suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Tsakanin Sakkwato da gabas kuwa ga dajin Gundumi, wanda ba ruwa, ga kuma mahara. Baturen nan Barth da ya ratsa shi a 1853, sai da ayarinsu ya yi kwana da yini yana tafiya ba tsayawa, don tsoron abin da ka iya faɗo musu. Wannan daji dai shi ne matafiyan Isa ke fargaba har a zamaninmu.

Dabarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ita ce kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da jama'a su yi noma, su yi karatu, su tsare ƙasa. Bai ce wa kowa ya je shi ya zauna a inuwa ba; shi da kansa ya tare a Wurno, can kuma ya rasu. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa ya ɗora a kan irin waɗannan garuruwa, Isa ma a kan wannan tsari ta tashi, shi ya sa har yau ake kiran hakiminta Sarkin Gobir na Isa. Wanda aka ba ribaɗi ba ya jiran izini kafin ya rufe ƙofar gari ko ya fitar da dawaki, domin kafin manzo ya je ya dawo mahara sun gama abin da ya kawo su. An ba shi amana, an kuma ba shi ikon da zai riƙe amanar.

Sai kuma wasiƙa. Wasiƙun da suka rage daga wancan zamani, irin waɗanda Turawa suka tarar a gidan Waziri bayan sun ci Sakkwato a 1903, yawancinsu gajeru ne ƙwarai. Ga hatimi a sama, ga gaisuwa, ga magana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Da yawa ma ba su da kwanan wata. Sauran bayanin yana bakin manzon da ya ɗauko takardar, wanda aka zaɓa saboda an san shi, an kuma yarda da shi a can da nan. Har ila yau kowace masarauta tana da ƙofa a fadar Sarkin Musulmi, wato wani babba da al'amuranta ke bi ta hannunsa. Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ƙofar Kano da Zazzau, yakan kuma tashi da kansa ya kai rangadi. Saboda haka sarkin da ke nesa ya san sunan mutumin da zai kai kukansa, ba ya aika takarda ta faɗa rijiya. Bello ya ma rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji littafi sukutum a kan ka'idodin mulki, mai suna Usulus Siyasa, domin mutumin da ke nesa ya san abin da ake so da shi ba sai an riƙa tuna masa ba.

Ba a ce tsarin bai taɓa tuntuɓe ba. Sabon Birni kanta, wadda Ɗan Halima ya kafa wajen tsakiyar ƙarni na 19 bayan ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, da yardar Sakkwato aka gina ta, amma daga baya sai da Sarakunan Musulmi suka kai mata yaƙi. Wanda ya yi nisa, in ba a riƙa kiransa ba, wata rana ba ya jin kira.

Amma a ganina, misalin da ya fi dacewa da ma'aikacin yau ba na mayaƙa ba ne, na mata ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci matsalar da ta fi ta kowane darektan ilmi: ɗalibanta matan aure ne a ƙauyuka, ba su iya barin gidajensu, ita ma ba ta iya zuwa wurinsu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da mutunci daga cikin ƙauyukan, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malafa da jan ƙyalle alamar an yarda da ita. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi zuwa wurin Nana, su karɓi karatu a cikin waƙoƙin da ta tsara don a iya haddacewa, su koma gida su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Su ne ake kira 'Yan Taru. Masana tarihi sun lura cewa malafar nan Gobirawa sun riga sun san ta a kan Inna, babbar macen fadar Gobir, don haka matan ƙasar ba su buƙaci a yi musu bayanin ma'anarta ba. Dubi abin da ta haɗa: wakiliya 'yar gari, alamar iko da kowa ke gani, saƙo a tsare yadda ba zai gurɓata a hanya ba, da haɗuwa ido da ido lokaci lokaci. Tsarin ya rayu fiye da shekara 100 bayan rasuwarta, ba albashi, ba mota.

Turawa da suka zo sun kawo nasu salon, wato rangadi. Di'o yakan hau doki ya yi makonni yana kwana a bariki, yana duba kuɗin haraji da littafin alƙali, yana rubuta abin da ya gani. A Kano da wasu masarautu sun tilasta wa hakimai su bar birni su koma gundumominsu, suka rage ƙarfin jakadu. Su ne kuma, tare da Faransawa, suka ja layin da ya raba Sabon Birni da Tsibiri a tsakanin 1906 da 1908. Daga gare su muka gaji imanin cewa zuwa da kai ya fi saƙo, da kuma rajistar sa hannu da safe. En'e ta tafi a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma rajistar tana nan.

Ga shi yanzu zuwa da kai ya yi wuya, saƙo kuwa ya yi arha. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, hedimasta a ƙauye yana iya ɗaukar hoton rajista ya aika ta WhatsApp kafin a tashi tara. Masu yaƙi da shan-inna sun nuna iyakar abin da na'ura za ta iya: an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda mutum ya taka, aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga garuruwan da ake cewa an je alhali ba a taɓa zuwa ba. Wannan yana daga cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya a 2020. Sai dai waya tana nuna an tsaya a ƙofar gida ne kawai. Ba ta nuna ko an ɗiga wa yaro maganin, ko uwar gida ta yarda ta fito da shi. Wannan sai matar da ta san gidan.

Kuma na'urar tana da ranar da takan yi shiru. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda dalilin tsaro, Sabon Birni da Isa suna ciki. Ofishin da duk hikimarsa ita ce jiran umarni ta waya, ran nan ya tsaya cik. Wanda ya ci gaba da buɗe ɗakin shan magani shi ne wanda tun farko ya san iyakar ikonsa, ya san abin da zai yi ba tare da ya tambaya ba.

Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya zo da wani abu da ya kamata manyan sakatarori su yi wa karatun natsuwa. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford a Amurka, Nicholas Bloom, da abokan aikinsa sun gwada ma'aikatan wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip, aka bar wasu suna aiki daga gida, wasu a ofis. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna na gida sun fi yin aiki da kashi 13 cikin 100. Amma da aka zo ƙarin girma, sai aka ga an fi mantawa da su. Wato sun fi ƙoƙari, sun fi shan kaye, don kawai maigida ba ya cin karo da su a baranda. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙauye ya san wannan ba sai an je Sin ba. Sunan wanda ke kai wa darekta fayil kullum shi ke fara zuwa baki ranar da za a tura mutum kwas, na Gatawa ko Kurawa kuwa sai an buɗe jerin albashi ake tuna yana raye.

A nan ne nake ganin laifin ya fi karkata ga na sama. Mun ɗauki na'ura mun mai da ita bulala: a aiko hoto, a aiko rahoto, a aiko wani rahoton a kan rahoton farko. Malamin asibiti guda ɗaya da ke riƙe da ɗakin shan magani yana ɓata rabin yininsa wajen cika takardu, da kuɗin aljihunsa yake sayen kati ya kuma biya a yi masa caji, sa'an nan in ya rubuta cewa maganin zazzaɓi ya ƙare, shiru kake ji. Wasiƙar da ke hawa kullum ba ta saukowa da amsa, ba da jimawa ba za ta fara ɗaukar ƙarya. Ba kuwa don mutanen banza ne ba. Sun gane ba mai karantawa ne. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka fake da rashin tsaro suka tare a birni suna karɓar albashi, aji yana hannun ɗan sa-kai. Amma rajista da hoto ba su kama irin waɗannan, domin hoto ana iya ɗaukarsa ko'ina. Abin da ke kama su shi ne a tambayi yaron aji uku ya karanta layi ɗaya, ko a tambayi mai unguwa yaushe rabon da a buɗe makaranta.

Ga ɗaliban da ke shirin fita neman aiki, sai a ce musu wannan sauyi yana da fuska biyu. Tun da intanet ta tauraron ɗan'adam ta kamfanin Starlink ta fara aiki a Nijeriya a 2023, ga kuma farantan hasken rana sun yawaita, ba abin da zai hana ɗan Isa da ya iya lissafin kuɗi ko fassara ko sarrafa kwamfuta ya yi wa wani kamfani na Ikko aiki yana ɗakin mahaifinsa, in dai garin ya zaunu. Amma irin wannan aiki ba ya son mai jiran a tsaya a kansa, kuma rubutu shi ne fuskar mutum a cikinsa. Wanda bai iya tsara bayani gajere mai ma'ana ba, ba za a san yana da basira ba. Ɗaya fuskar kuwa ita ce, yawancin ayyukan da yankin ke ƙishirwarsu ba su yiwuwa daga nesa ko kaɗan. Ba a karɓar haihuwa ta waya, ba a yi wa saniya allura ta kwamfuta, ba a gyara famfon burtsatse da saƙon murya. Dole wani ya kasance a wurin, kuma wanda zai zauna a lokacin tsoro shi ne wanda uwarsa da gonarsa ke garin.

Saboda haka idan Ma'aikatar Ilmi ko ta Lafiya za ta sake duba yadda take tura ma'aikata gabashin jiha, abin da ya kamata ta fara kirgawa shi ne 'yan asalin Sabon Birni da Isa nawa ne suka gama kwalejin horon malamai da makarantar koyon aikin lafiya suna zaune ba aiki. Bayan wannan sai ta sanya wa kowace gunduma jami'i guda a Sakkwato, sananne da sunansa da lambarsa, wanda aikinsa shi ne ya amsa takardunsu cikin mako, ya kuma tsaya musu ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna.