Kafin allurar barci: ludayin kunu ɗaya na iya jawo asarar rai

Mu da ke wuni a Babbar Kasuwa, Katako ko Wadata mun san al'adarmu: da an kwantar da ƴar uwa a asibiti, sai mu rufe rumfa, mu ɗauki ƙwaryar hura ko kwanon kunu mu nufi wajenta. Zumunci ne mai kyau. Amma in tiyata za a yi mata, wannan tausayin na iya zama sanadin ajalinta.

Ga dalili. Allurar barci tana tsayar da tari da haɗiya, alhali su ne masu gadin maƙogwaro. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya faɗa huhu, numfashi ya sarƙe. Shi ya sa likitoci ke cewa a bar cin abinci awa 6 kafin aiki, awa 8 in nama ne ko abu mai maiƙo, ruwa zalla kuma awa 2. Hura, kunu da nono abinci ne, ba ruwa ba.

Masu juna biyu na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari, don cikinsu ba ya saurin narkar da abinci lokacin naƙuda. Tun da gwamnati ta ayyana aikin ciro jariri kyauta a 2005, matan Yamai da dama sun bi ta ɗakin tiyatar gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Galibi allurar baya ake yi, mace na farke, amma in abu ya rikice sai an sa ta barci. In aikin gaggawa ne kuma ta riga ta ci, a faɗi abin da ta ci da lokacin. Likita na da dabarar kare huhunta, muddin ya sani.

Kada kunya ta hana mu gaya wa mai allurar sauran gaskiya: hawan jini, ciwon sukari, fuka ko sikila, magungunan da ake sha, har da jiƙo, sassaƙe da tramol, da kuma ko allurar barci ta taɓa wahalar da wani a dangi.

Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 25 har da Nijar, ya nuna haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na sauran duniya sau biyu, kuma akasarin mace-macen a kwanakin da suka biyo bayan aikin ne. Ke nan aikin mai jinya bai ƙare da fitowa daga ɗakin tiyata ba. In kika ga numfashi ya sauya, jini na zuba, ko ƴar uwa ta ƙi farkawa, kira malaman asibiti nan take. Kunun kuwa a ajiye shi sai likita ya ce a ba ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.