Tsofaffin Kwamfutoci Sun Zama Jari A Idu, Amma Sai Da Takarda

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna ya san Idu, domin nan ne babbar tashar jirgin take tun da aka buɗe hanyar a shekarar 2016. To, bayan tashar da masana'antun da ke unguwar, akwai wata harka da ke ci a wannan shiyya wadda 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun suka sani sarai, ita ce ta 'yan gwangwan da 'yan bola jari. Juji mafi girma na birnin, watau na Gosa, yana nan kusa da Idu, kuma yawancin masu tono a cikinsa samari ne daga jihohin Arewa.

Da can ƙarfe da sanholo da roba ake nema. Yanzu kuwa idon kowa yana kan matacciyar kwamfuta da talabijin da wayar hannu. Dalili kuwa shi ne, a cikin akwatin kwamfuta akwai wayoyin jan ƙarfe, akwai kuma koren allon nan da 'yan kasuwa ke kira fanel, wanda ke ɗauke da 'yar zinariya da azurfa da kuza. Zinariyar ba ta taka kara ta karya ba a allo guda, sai an tara buhu-buhu. Saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa ba ya cire ta, warewa kawai yake yi ya ɗora a sikeli, dillalai su saya su yi Ikko da kayan, daga can kuma mafi yawa a fita da su ƙasashen waje inda ake da injunan tacewa. Babbar riba can take tafiya.

Wanda ya ƙware a sana'ar ba ya jiran kaya su isa juji, domin in ruwa da rana suka dake su daraja ta ragu. Shagunan masu gyara yake bi, da makarantu da bankuna da ofisoshin da suka sauya na'urori, da kuma wurin gwanjon kayan Gwamnati. Abuja garin ofisoshi ne, ɗakunan ajiya cike suke da irin waɗannan kaya. Sau da yawa ma akan tsinci mai sauran numfashi, a gyara a sayar da ita da tsada fiye da kuɗin awo.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. A watan Janairu na 2025, bayan yawaitar satar murafun magudanun ruwa da wayoyin fitilun titi, Hukumar Babban Birnin Tarayya ta hana 'yan bola jari yawo cikin gari, ta ce su tsaya a jujin bayan gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu domin tantancewa. Masu gaskiya da yawa sun sha wahala saboda laifin 'yan kaɗan. Tun daga lokacin, mai hankali ba ya ɗaukar kwamfuta daga hannun maigadi ko masinja ba tare da rasit ko takardar ofis ba, komai arharta.

Abu na biyu shi ne lafiya, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙona waya domin a fitar da jan ƙarfe yana ta da hayaƙi mai guba da ke cin huhu. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, haka ma batir. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ita wannan dalmar ce mutum ke kwasowa a riga da tafin hannu ya kai wa 'ya'yansa gida. Feɗe waya da wuƙa ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfen da ba a ƙona ba ya fi tsabta.

Doka kuwa akwai ta. Tun bayan da aka jibge gubar Italiya a garin Koko a 1988 Nijeriya ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba, kuma hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Ƙa'idojin sun ɗora wa kamfanonin da ke ƙerawa ko shigo da kayan nauyin tattara su in sun mutu, sun kuma bukaci masu tattarawa su yi rajista. A Ghana, hukuma ta rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Ankara a watan Yulin 2021, dubban 'yan Arewacin ƙasar suka wayi gari babu wurin sana'a. Masu harkar a Owode Onirin da Alaba su ma sun ji labarin.