GIWA BA DABBAR GIDA BA CE

Akwai masu hali da suke sha'awar sayen ɗan giwa su ajiye a gida domin alfarma. Ya kamata jama'a su san abin da wannan sha'awa take ci, da kuma abin da doka ta ce a kanta.

Cin Giwa Da Shanta

Babban toron giwa yakan kai nauyin tan 6. A kowace rana giwa takan ci ciyawa da ganye da ɓawon itace kimanin kilo 150, watau fiye da tan 50 a shekara. Takan sha ruwa fiye da lita 100 a rana, ban da na wanka. Tana iya rayuwa shekara 60. Saboda haka wanda ya sayi giwa ya ɗauki nauyin da har 'ya'yansa za su gada: abinci, da albashin masu kiwo, da likitan dabbobi, da shinge mai ƙarfi.

Asarar Da Ƙasa Take Yi

Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya. Uwa kuwa ba ta barin ɗanta, don haka sau da yawa sai mafarauta sun kashe ta kafin su kama shi.

A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gandun dajin Zugurma, a ƙasar Kontagora, da na Borgu, suka zama Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. A lokacin akwai garkunan giwaye a ɓangaren Borgu. Farauta da shigar dabbobin kiwo da ƙunar daji sun sa yau da wuya a ga ko sawunsu. Giwayen da suka rage a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne, wasunsu a Yankari ta Jihar Bauchi.

Abin Da Doka Ta Ce

Doka ta 11 ta 1985 ta hana kama ɗan giwa ko cinikinsa, kuma a 2016 aka ƙara tarar masu laifi. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. A Janairun 2024 hukuma ta farfasa haure kimanin tan 2.5 a Abuja.

Ana roƙon hakimai da dagatai da manoma da makiyaya, duk wanda aka yi wa tallan ɗan giwa ko haure, ya sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa. Namun daji dukiyar ƙasa ce, amana ce kuma ta 'yan baya.