Tuffa Da Nama: Dabarar Manoman Ingila

A ƙasar Ingila, idan ma'aikaci ya taso daga aiki da yamma a gajiye, akwai wani abinci da akan haɗa cikin rabin sa'a a kasko ɗaya, watau naman alade da tuffa. Kowa ya sani naman alade haramun ne ga Musulmi, ba kuwa tallarsa za a yi a wannan fili ba. Amma asalin wannan abinci daga gona ya fito, kuma akwai dabarar noma a cikinsa wadda ta shafi duk mai lambu, ko da bai taɓa ganin alade ba.

Ga yadda abin ya samo asali. A yammacin Ingila, wajen lardunan Gloucestershire da Somerset, manoma suna da manyan lambunan tuffa. Daga watan Satumba zuwa Oktoba ne yawancinta take nuna. Iska takan kaɗo da yawa ƙasa, wasu su fashe, wasu tsutsa ta shige su, ba su sayuwa a kasuwa. To, maimakon a bar su su ruɓe, sai manomi ya saki aladunsa cikin lambu su tsince. Dabba ta ƙoshi, ta bar taki a gindin itace, kuma tsutsar da ke cikin 'ya'yan ta mutu ba ta kai ga yin ɓarna baɗi ba. Akwai ma wani irin alade fari mai baƙaƙen ɗigo wanda Turawa suke kira aladen lambu, an kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1913. Mutanen wurin suna ba'a, wai ɗigon nan tabon tuffa ne da ta faɗo masa a baya.

Da sanyi ya shigo, wajen watan Nuwamba, sai a yanka dabbar a sa wa naman gishiri a ajiye. A lokacin nan kuwa ɗakin ajiya cike yake da tuffa. Naman ga kitse, tuffa ga tsami, tsami kuwa shi ke kashe gundurar maiƙo, kamar yadda yakuwa take yi a miya. Ta haka suka haɗu a akushi ɗaya har yau.

Tuffar da Ingilishi suka fi dafawa sunanta Bramley. A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar tuffa a bayan gidansu a garin Southwell. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Bayan shekara goma wani saurayi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya roƙi a bar shi ya yanki rassa ya yi aure da su. Mahauci ya yarda, bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Ƙwayar tuffa ba ta haifar irin uwarta, saboda haka duk itacen Bramley da ke duniya daga reshen wannan itace ɗaya ya fito. Wannan ita ce hujjar da ta sa masu mangwaro suke neman dashen aure, ba na ƙwallo ba.

Girkin kuwa ba wuya. Uwargida takan sami yanka huɗu na nama, kaurin kowane kamar babban yatsa, ta barbaɗa gishiri da masoro. Ta ɗora kasko da mai cokali ɗaya, ta soya kowane gefe minti huɗu ko biyar, ta kwashe. Cikin man nan ta zuba albasa babba guda, sa'an nan tuffa biyu da aka yanka aka cire ƙwayar. Idan sun yi laushi ta ƙara romo kofi ɗaya, ta mayar da naman, ta rufe, ta rage wuta har minti biyar. Da dafaffen dankalin Turawa ake ci. Bramley narkewa take yi ta zama kamar miya, saboda haka mai son ya ga yankan tuffa a kwano sai ya nemi mai tauri. Abu guda ne ba a wasa da shi: lalle naman ya dahu har ciki, gama ɗanyen naman alade yana kawo tsila. Wanda ba ya cin wannan nama, haƙarƙarin rago ko agwagwa suna karɓar wannan girki sarai, tun da su ma suna da kitse.

To, ina abin koyi ga manomin ƙasar nan? Shi ne mangwaron da ke zube a gindin itace lokacin bazara. A 2003 aka fara ganin wani baƙon ƙudan 'ya'yan itace a Kenya, asalinsa daga Asiya, kafin 'yan shekaru ya bazu har Afirka ta Yamma. Macen tana huda mangwaro ta zuba ƙwai, tsutsa ta ci cikinsa, ya faɗo. Daga nan tsutsar ta fita ta shige ƙasa, bayan kwanaki kaɗan ta fito ƙuda ta hau na sama. Ashe duk mangwaron da aka bari a ƙasa gidan reno ne aka gina wa abokin gaba.

Magani shi ne a tsince zubabbu sau biyu ko uku a mako. Masu ɗan kyau a ba tumaki da shanu, amma kaɗan-kaɗan tare da harawa, domin zaƙi mai yawa a lokaci ɗaya yana lalata cikin dabba. Ruɓaɓɓu kuwa a binne su a rami mai zurfin ƙafa biyu, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a shanya a rana har tsutsar ta mutu. Aikin ya fi ƙarfi idan maƙwabta sun yi tare, gama ƙuda bai san iyakar gona ba. Mai lambu ya fara tun 'ya'yan farko suna faɗowa, kada ya jira sai ɓarna ta bayyana.