Aikin Fiɗa Kan Ƙuntatar Bututun Numfashi da Ake Haihuwar Yara da Ita

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu dubi wata lalura da ba ta da yawa, amma takan halaka jariri idan ba a gane ta da wuri ba, watau ƙuntatar bututun da ke kai iska daga maƙogwaro zuwa huhu.

Yadda lalurar take

A halittar mai lafiya, zobban guringuntsin da ke riƙe da bututun ba su haɗe ta baya ba. Tsoka mai laushi ce ta cike gurbin. Ga yaron da muke magana a kansa kuwa, zobban sun rufe ruf, sai bututun ya tsuke. A 1964 Cantrell da Guild suka kasa lalurar gida uku: wadda ta game bututun duka, wadda ta yi siffar mazurari, da wadda ta tsaya a ɗan yanki. Sau da yawa akan same ta tare da jijiyar jinin huhun hagu da ta saki hanya ta naɗe bututun.

Haɗarin yana ga lissafi. Idan faɗin bututu milimita 4 ne, kumburin milimita 1 a kewaye zai mai da shi 2, wahalar shigar iska ta ninka sau 16. Shi ya sa mura kaɗai kan isa ta shaƙe irin wannan jariri.

Hanyoyin fiɗa

Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba, domin mai sauƙin lalura yakan girma bututunsa ya buɗe. In yankin gajere ne, sai a yanke shi a haɗa bakunan biyu. Matsalar tana ga dogon yanki, don ɗinki ba ya jure ja. A 1982 Kimura ya yi maho da guringuntsin haƙarƙari, a 1984 kuma Idriss a Shikago ya yi da tantanin zuciya. Amma maho yakan lotsa ko ya tsiro da tsoka, a yi ta komawa kansa.

A 1989 Tsang da Goldstraw a Landan suka kawo dabarar zamarwa, Grillo na Boston ya kyautata ta a 1994. Akan raba yankin biyu ta tsakiya, a tsaga na sama ta baya, na ƙasa ta gaba, a zamar da ɗaya bisa ɗaya a ɗinke. Tsawon yankin ya koma rabi, kewayensa ya ninka biyu, sararin iska ya ninka kusan huɗu, duk da naman yaron kansa. Galibi na'ura ce ke riƙe aikin zuciya da huhu, a gyara jijiyar jinin a zama ɗaya.

Kammalawa

Yau wannan dabara ita ce zaɓin farko ga dogon yanki. Sai dai nasara tana farawa ne daga ganewa. Saboda haka muna jan hankalin abokan aiki: jaririn da numfashinsa ke ƙara tun haihuwa, ko bututun roba ya ƙi wucewa, kada a tura da ƙarfi, a leƙa da madubi tukuna.