Mai shan maganin ƙanjamau: ya halatta ya ɓoye wa likita idan wata cuta ta same shi?

Tambaya: Shekarata huɗu ina shan maganin ƙanjamau, yanzu kuma gyambon ciki da ciwon gwiwa sun dame ni. A kemis nake sayen magani, ban taɓa faɗin halin da nake ciki ba saboda kunya. Shin akwai laifi?

Amsa: Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce.

Rufin asiri haƙƙinki ne, ba dole ba ne ki sanar da kowa. Amma wanda zai rubuta miki magani hukuncinsa daban ne, domin ɓoye masa yana iya jawo cutarwa, shari'a kuwa ta hana mutum cutar da kansa.

Ga dalili. Ƙwayar da aka fi bayarwa yanzu, wato TLD, haɗin magunguna uku ce: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Wasu magungunan ba sa jituwa da su:

1. Farin maganin gyambon ciki mai magnesium ko aluminium, da ƙwayoyin ƙarin jini da na calcium, suna hana jiki tsotse dolutegravir. Ƙa'ida ita ce a sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

2. Diclofenac da ibuprofen, idan aka dimanci shan su tare da tenofovir, suna iya taɓa ƙoda. Kuma su kansu suna tsananta gyambon ciki.

3. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin dolutegravir, shi ya sa likita kan ƙara wata ƙwayar dolutegravir ɗin a kullum.

4. Metformin na ciwon suga yakan yawaita a jini idan ya haɗu da dolutegravir, don haka likita ne zai daidaita adadinsa.

Idan ƙarfin magani ya ragu, ƙwayar cutar takan farfaɗo, har ta daina jin maganin. A nan cutarwar ba ta tsaya kanki ba, tana iya shafar miji da abin da za a haifa.

Saboda haka, ki tattara duk abin da kike sha, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ki kai asibitin da kike karɓar maganinki, tunda can an riga an san ki. Kada ki dakatar da TLD da kanki. Likita kuma amana ce a wuyansa, haramun ne ya tona asirin majinyaci.

Allah ne mafi sani.